Ƙanzon Inna

Kakata ta wajen uba, wadda duk gidan muke kira Inna, ba ta taɓa yarda a kunna fitila saboda tatsuniya ba. Cewa take kunne ba ya shan kananzir. In an sauke tuwon dare an yi sallar isha'i, sai ta jawo tabarmarta bakin murhu, mu kewaye ta, ni da ƙanena Sani da yaran maƙwabta, ta ba mu labari iya tsawon ran garwashin. Garwashi na mutuwa labari ya tsaya, ko da kuwa kura ta buɗe baki za ta haɗiye mutum. Mu yi ta magiya, ta ce mu je mu roƙi itace.

Ko buɗe labarin nata daban ne. "Ga ta nan, kada wanda ya zubar min da ita," haka take cewa. Mu kuma mu haɗa baki: "Ta zo, mun tara hannu!"

A lokacin muna gidan haya a Gyaɗi-Gyaɗi, Baba yana da ɗan kemis kusa da asibitin koyarwa. Ban taɓa ganin mai tattali irin Inna ba, kuma har yau ban gani ba. Leda in ta shigo gidanmu ta shigo ke nan: a wanke ta, a kife ta, a shanya a igiya tare da kayan makarantarmu. Guntun sabulu a manna shi a jikin sabo. Tsinken ashana ta tsaga shi biyu da reza, wannan ma in ta kama dole, don yawanci ni take ba wa marfin kwano in je in ɗebo wuta wurin maƙwabciyarmu Maman Emeka. Batirin rediyo ya sha rana har sai ya fara zubar da ruwa. Wallahi na sha jin kunya. Ƙawayena 'ya'yan ma'aikatan asibiti su zo, ledoji suna ta kaɗawa a kansu, ni kuwa ina fama da jan su zuwa ɗaki.

Amma uwa uba ƙanzo. Ba a wanke tukunyar tuwo sai Inna ta kankare ta tas, ta baza a faifai, ta kai rana, in ya bushe ta juye a buhu. Ran da ta ga dama ta jiƙa, ta kwaɗa da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan mai. Gaskiya ɗaya ce, yana da daɗi, sai dai ba ma so a ji a waje cewa muna ci.

Shekarar da soja suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, wani abokin Baba ya ci zaɓe, ya ja shi jikinsa. Nan da nan muka tashi zuwa Tarauni, gida mai get da falo da risho. Umma ta yi murna, mu ma haka. Inna kuwa ta taho da duwatsun murhunta uku, ta kafa su a bayan gida, ta ɗaura igiyar ledarta, ta ci gaba daga inda ta tsaya. Baba ya sha aika Umma ta lallashe ta, don yanzu manyan mutane ne suke sallama a gidan. Dole sai da aike, saboda Baba ɗanta ne na fari, kuma shi kaɗai ya rayu. Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta zama su yi hira. In za ta ambace shi sai ta ce "mai gidan nan". In ya gaishe ta, ta amsa tana kallon gefe.

Wata Asabar wani babban Alhaji na jam'iyya ya zo da mutanensa. Direba ya shigo da mota ya ajiye ta daidai inda rana take faɗowa, wurin shanyar Inna. Ta fito da faifanta, ta ga an tare mata wuri, ta taɓa rufin motar ta ji zafi rau. Me ya fi wannan? Ta ɗora faifai a kai, ta koma ɗaki.

Da baƙi suka fito, Baba yana rakiya, babu wanda ya ɗaga kai. Direba na jan mota faifan ya kife, ƙanzo ya zubo ta gilashin gaba yaraf, har cikin aljihun wani mai babbar riga da ke riƙe da ƙofa. Aka kwashe da dariya. Alhajin ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya ce, "Malam Isa, ashe ba ma biyan ka ne?" Wasa yake, amma Baba bai yi dariya ba.

Suna fita ya nufi bayan gida. A gabanmu ya tsaya a kan Inna, abin da bai taɓa yi ba. "Inna, me na rage ki da shi? Shinkafa ce babu ko nama? Kin tozarta ni a gaban mutane! Gidan nan ba gidan yunwa ba ne." Ya sa Sani ya ɗauki buhun ƙanzon ya kai bola. Inna ta tashi ta shige ɗakinta. Da la'asar ta kira Umma, ta ce a gaya wa mai gidan nan gobe da safe a kai ta tashar Unguwa Uku, za ta koma ƙauye wurin ƙanenta. Ta ƙulle kayanta a zane. Duk mun san Inna ba ta magana biyu. Na shiga bayi na yi kuka har na gode Allah.

Ban zaci za a yi tatsuniya ranar ba. Amma bayan isha'i ta shimfiɗa tabarmarta, ta zungure Sani da ƙafa. "Kai, maigidana, matso. Ka zubar min da abinci kuma kana cika min baki?" Ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. Tagar ɗakin Baba tana buɗe, daidai kanmu.

Ta ce a wani gari an yi wata mata, mijinta ya mutu ya bar ta da ɗa ɗaya, ga shekara ta yi tsanani. Roƙo kuwa ba za ta iya ba. Sai ta riƙa bin gidaje tana cewa a ba ta tukwane ta wanke, ba ta son ko sisi, ita dai tana son wanke-wanke ne. Mutanen gari suka yi ta yi mata dariya, suka sa mata suna Uwar Tukwane. A zamanin nan, in ji Inna, tuwo ba ya kama tukunya, ana kwashewa take fita fes. Amma tukwanen suka gane abin da ke kawo matar. Suka yi shawara a tsakaninsu, kowacce ta riƙa riƙe ɗan tuwo a gindinta, in uwar gida ta kawo mara sai ta ƙanƙame ta hana. Matar ta zo ta kankare, ta ƙulle a bakin zane, ta kai wa ɗanta. "Shi ya sa har yau kuke ganin ƙanzo," in ji ta. "Ba ƙonewa ba ce, ajiya ce."

Kullum yaron in zai ci sai ya ce, "Inna, sa hannu mana." Ita kuma ta ce, "Ci abinka, azumi nake." Har ya riƙa yi wa yara alfahari cewa duk garin babu mai azumin uwarsa. Ya girma, ya yi ƙarfi, ya zama na hannun daman mai gari. Ran nan manya suka zo gidansa, suka tarar da tsofaffin tukwane jere a tsakar gida, suka yi dariya. Sai ya ɗauko taɓarya.

"Ya fasa su?" in ji Sani.

Inna ta leƙa murhu. Akwai sauran garwashi, ja wur, da idona na gani. Ta ɗebi toka ta rufe shi. "Wuta ta mutu. Kowa ya kwashe abin da ya tara, a tafi a kwanta."

Da safe ba a je tasha ba. Na tashi na tarar ta kwance ƙullin kayanta tana kankare tukunya, babu wanda ya gaya mana dalili. Mu dai muka yi tsalle. Ta zauna da mu har ƙarshen ranta, ledojinta suna kaɗawa a Tarauni, baƙo ya gani ko kada ya gani.

Na daɗe ina ɗaukar labarin nan a matsayin gargaɗi kan ɓarnar abinci, kuma da shi nake yi wa 'ya'yana faɗa in sun bar shinkafa a faranti. Sai da 'ya'yan nawa suka girma na gane ba mu take ba wa labari ba a daren. Mace ce da kunya ta hana ta amsa wa ɗanta, ta bi ta kan jikoki ta gaya masa abin da ta riƙe tun yana yaro. Tattalin da nake ɓoye wa ƙawayena shi ya rayar da ubana, kuma yau ko a gaban wa zan faɗe shi.

Bayan rasuwarta da shekaru, Baba ya tsufa, na tambaye shi abin da ya hana ta tafiya. Ya ce da asuba ya je ya durƙusa a bakin ƙofarta, bai iya ba da haƙuri ba ma, abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Inna, azumin nan da kike yi ina yaro, na gaskiya ne?"

Ya ce ta juya ta fuskanci bango, ta ce, "Duk na gaskiya ne. In na duba kwano da dare na ga ba zai ishi mutum biyu ba, sai in ɗaura niyya. Yunwar dai zan yi ta ko ina so ko ba na so, to don me zan bar ta ta tafi a banza?"

Baba ya goge ido da bakin rigarsa. Ya ce daga ranar har ta bar duniya, bai sake kai loma bakinsa ba sai ya aika an dubo masa cewa ta ci.