Duwatsun da Na Kwashe a Gonar Ƙanena

A lokacin da abin nan ya faru ni magidanci ne mai ji da kansa, ina noma a wani ƙauye kusa da Kamarawa. Da mahaifinmu ya rasu aka zo rabon gona, sai na nuna girma na zaɓi ta gindin tudu, mai laka da albarka, na bar wa ƙanena ta gangaren sama, wadda ruwa ya wanke har sai tsakuwa. Ko ɗar ban ji ba.

Ya sha wahalarta shekara biyu, sannan ya dawo daga cin rani a Nijar da wata dabara. Rani guda shi da jakinsa suna jidar duwatsu, yana jera su layi-layi a gicciyen gangaren, wai su rage wa ruwa gudu, ƙasa da taki su tsaya. Na fi kowa yi masa dariya, a majalisa nakan ce birni yake gina wa ƙadangaru. Amma a damina ta uku gero ya tashi a wurin kore shar. Mutane har daga Isa suke zuwa kallo a kan babur, mai gari yana yabonsa a bainar jama'a, ni kuwa sunana ya koma yayan mai duwatsu. Wallahi ko sallamarsa na ji sai raina ya ɓaci. Ranar da matata ta tambaya ko za ni je ya koya mini, ban ci tuwonta ba.

Wata ranar kasuwar Bafarawa, gari ya watse kowa ya tafi cin kasuwa, na hau gonarsa na kwashe tsakiyar layuka ukun ƙasa, na watsa duwatsun cikin sabara. Nufina ruwa ya share masa shuka, bakin masu yabo ya mutu. Ban tsaya tunanin inda ruwan zai nufa ba. Bayan kwana huɗu aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya. Duk ruwan da duwatsun ke rarrabawa ya taru a kafar da na buɗe, ya gangaro ya tsaga gonata biyu, ya binne dawata da yashi, ya yanke hanyar da amalanke ke bi zuwa kasuwa.

Jama'a suka ce duwatsun ƙanena ne suka tara ruwan. Aka kira shi gaban mai gari, ina zaune. Ya juyo, idonsa jawur, ya kira ni yaya, ya roƙe ni in yafe masa ɓarnar da ya jawo mini. Na buɗe baki na ce na yafe. Aka sa shi ya kwashe sauran duwatsun da hannunsa, da kaka ya ɗebi iyalinsa ya koma Nijar.

Yanzu kwazazzabon da ruwan nan ya haƙa kowace damina sai ya ƙara cin gonakin mutane, kuma babu mai yarda a sake jera ko dutse ɗaya. Na gane cewa abin da na tsana shi ne ke tsare mini abincina. Don Allah, duk wanda ya ga ɗan uwansa ya iya abin da shi bai iya ba, ya danne zuciya ya je ya tambaya. Ni mai laifin ni aka roƙa gafara, kuma har yau na rasa bakin da za ni roƙi tasa.