Guɗar da Na Yi wa Katagum

Jama'a, yau 'yan tamaular Azare sun kunyata ni da furfurata!

Na je kallon karawarsu da Katagum, don jikana Sule ne mai tsaron gidan Azare. Namu kuwa ragwaye, gudu kamar masu ciwon baya. Da ƙyar suka jefa ɗaya a gidan gabas. Aka huta, aka dawo. Ana nan, sai ga ƙwallo ta sake shiga gidan gabas! Na miƙe na rangaɗa guɗa.

Namu duk suka juyo suna kallona. Maƙwabcina Malam Buba ya ce, "Iya, ai an sauya gida. Sule aka ci."

Na ce, "Wane marar mutunci ya sauya bai gaya wa manya ba?"

Katagumawa suka ce, "Iya, ƙaro mana guɗar!"

Har yanzu Sule ya ƙi taɓa tuwona.