Kwanon Ciyayya Da Aka Maido Mini

Ƙarar murfin kwano ce ta fara. Kafin nan ina matar aure a Gazawa, na yi kwalej na bari, duniyata ba ta wuce sallata da ɗiyata ƴar shekara shida ba. Shekarar ce soja suka riƙe mulki ana shirin zaɓe. Maigidana ya rasu bayan doguwar jinya, a gidan likita aka auna ni aka ce ina da sida, wato ƙanjamau, ɗiyata kuwa Allah Ya tsare ta. Ina cikin takaba na ji an dire kwano a bakin zaure, murfin ya yi ƙara. Tuwon da na aika wa maƙwabciyata ne, wadda muke ciyayya tun ina amarya. Ko yatsa ba a sa ba. Yaron da ya kawo ya ce an ce a gode, sun ƙoshi.

Ban yi kuka ba, ƙyamar kaina na shiga yi. Malamar likita ta sha gaya mini cutar ba ta bin kwano ko hannu, in na riƙe magani zan rayu. Kunnena ya ji, zuciyata ta ƙi. Barci ya ƙaurace mini, in na ta da salla sai in rasa raka'ar da nake. Dangi suka ce iska ce ta taɓa ni, aka yi ta turare, ba wanda ya zauna ya tambaye ni abin da ke cina. Mafi muni, na janye jikina daga ɗiyata don kada in shafa mata. Na raba mana shimfiɗa, na bar yi mata kitso, in ta rugo ta rungume ni sai in kauce. A zatona kare ta nake yi.

Yau ina shan magani, ina da lafiyata, amma wannan ciwon bai warke ba. Jama'a, ku ji tsoron Allah game da marar lafiya. Gudunsa da kuke yi ya fi cutar saurin karya shi, kuma ba shi kaɗai yake karyewa ba. Ni ban gane haka ba sai wata ranar Juma'a da hantsi, da yarinyar ta zo ta tsaya gabana, kanta jiƙe, kumfa na bin wuyanta, ta ce:

"Inna, na wanke da sabulu, yanzu ba ni da dauɗa. Ki taɓa ni."