Inabin da Kawu Eindride Bai Taɓa Gani Ba

Kawuna Eindride masassaƙi ne a ƙauyenmu da ke yankin Sogn, kamar ubansa. Siffofin kan dodanni masu wuyan macizai yake sassaƙawa, a kafa su a goshin jiragen ruwa. Da mazanmu suka daina fita yaƙin teku sai sana'ar ta mutu, ya koma yin cokula da akusa, yana yi yana tsaki.

Ya haura sittin lokacin da aka fara gina mana cocin katako. Fada Hallvard, limamin da aka turo daga birnin Bergen, ya same shi a rumfarsa.

"Baba, kuringar inabi nake so a jikin ƙofa. Ban da dodanni."

"Inabi kuma? Yaya kamanninsa?"

Fada ya zana masa da gawayi. Bergljot, matar kawu, ta leƙo ta ce, "Fada, wannan ai hanjin tunkiya ne."

Duk lokacin sanyin nan kawu yana kan katakon. Yatsunsa sun kumbura, sai ya jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su iya riƙe wuƙa.

Ranar da aka kafa ƙofar kowa ya fito kallo. Daga ƙasa inabi ne sosai, ganye da 'ya'ya. Amma daga tsakiya rassan sun rikiɗe sun zama wuyan macizai, suna naɗe juna suna cizo har sama.

Fada ya fusata. "Ba haka muka yi da kai ba!"

Kawu ya miƙa masa hannuwansa. "Na yi iya yina, Fada. Shekara arba'in suna bin hanya ɗaya. In na karkato su, ina ɗauke ido su koma."

Fada ya rantse za a cire ta. Sai dai ran Lahadi, tsofaffin da suka ƙi taka coci tun farko suka zo kallon macizai irin na jiragen iyayensu. Suna ta shafawa har sanyi ya kora su ciki. Fada bai sake zancen ba, bai kuma taɓa yabawa ba.

Daga wasu ƙauyuka an aiko neman kawu, amma hannun ya riga ya ƙi. Shekara huɗu ya ƙara a duniya. Duk bazara shi ke shafa wa ƙofar kwalta, yana mitar cewa idon macijin hagu ya karkace.