Wuƙar Mai-Komai da Ragon Gwaggona

A shekarun da zan ba ku labari ina dakon siminti a Malbaza, muna loda manyan motoci, in damina ta faɗi in koma gona a ƙauyenmu na wajen Tajaye. Karatuna bai wuce lakwal ta firamare ba. Ni mutum ne mai yawan shakka: sai in kulle ɗaki in yi nisa, in dawo in taɓa kwaɗon, alwala ma nakan sake ta in zuciyata ba ta kwanta ba. Na faɗi haka ne don ku san ba sakaci ne ya kai ni ga abin da ya faru ba. Ƙyashi ne.

Ina da taubashi, ɗan gwaggona, sa'ana. Ya je ci-rani Aljeriya ya dawo da wata wuƙa mai ninkewa, wadda in an buɗe ta ga filaya, ga almakashi, ga ɗan zarto, ga abin kwance sukuru, duk a jiki ɗaya. A fadarmu ta shan shayi aka sa mata suna mai-komai. Tun daga nan, wanda rediyonsa ya lalace shi zai nema, wanda wayar birkin motonsa ta tsinke shi zai nema, har tsofaffi masu son a ɗaure musu tabarau. Da can ni ake kawo wa irin wannan gyara, don ina da haƙuri. Sai ga shi ina zaune ana wuce ni ana miƙa masa. Shi kuma da wasan taubasai yakan ce ni bawansa in riƙe masa kofi har ya gama aiki, wai in na yi ladabi zai bar ni in shafa ta ranar Juma'a. Kowa ya yi dariya, ni ma in yi ta dole.

Wata rana a Konni na shiga irin shagunan nan na kayan araha, inda ake jibge tocila da kwaɗo da caja cikin kwando, sai na ga mai kama da tasa. Na saya na kai fada. Ya ɗaga ta a tafin hannunsa, ya ce cokalin shayi ya fi ta nauyi, ya tambaye ni ko gyara aka ba ni ita da na sayi biskit. Sai na koma na nemo mai baki fiye da tasa. Daga nan abin ya zame mini ciwo. Duk motar da za ta Konni ina ciki, ranar kasuwar Dogarawa ina gaban masu baza kaya. Na tara ja da baƙa, da mai ƴar fitila, da mai kan guduma. In shafa musu mai, in naɗe su a tsumma, in jera a akwati. Amma ban taɓa yin aiki da ko ɗaya ba, don ina tsoron ta karye a gaban mutane. Matata ta ce gida cike da mai-komai, ƙofar ɗakinta kuwa da igiya take ɗaure. Har addu'a na taɓa yi a zuci tasa ta ɓace, na yi istigfari, washegari na sake jin ina so.

Bayan girbi, wata safiya na shiga gaida gwaggo, na tarar ragon da take turkawa ya kwance ya shiga buhun wake, ya ci har ya kumbura. Yana kwance yana shure-shure, numfashi na sama-sama. Kowa ya san in bai samu yanka ba mushe ne, ga shi duk abin da ta mallaka ke nan. Ta ce a ruga a kira ɗanta a bakin rijiya ya zo ya yanka. Jin an ce a kira shi, sai bakina ya riga hankalina. Na ce kada a kira kowa, ga ni, ga wuƙa a aljihuna. Na fuskantar da ragon gabas, na yi bisimilla, na ɗora. Bakin bai ci ba, sai gashi yake ja. Na danna da ƙarfi, ta ɗan shiga, sai ta ninke a kan yatsana. Na ɗauke hannu ina lalubar yadda zan buɗe ta, jini ya sa tana zamewa. Kafin in samu kanta rago ya miƙe ƙafa.

Na je wajen liman har ina maimaita masa bayanin ta wata fuska, ko zan ji ya ce ya halatta. Ya ce jijiyoyin ba su yanke ba rai ya fita, ba a ci. Taubashina bai tsokane ni ba ko da kalma ɗaya. Shi ya ɗaure mini yatsa, muka ja mushen tare zuwa bayan gari. A hanya ya ce shi ko kaza bai taɓa yankawa da tasa ba, da an kira shi wuƙar girkin gwaggo zai ɗauka. Tana rataye a bakin madafa, daga inda na durƙusa ina iya miƙa hannu in ciro ta. Gwaggo ta ce haka Allah ya rubuta, in daina zuwa ina ba ta haƙuri ina tayar mata da abin. Shekarar nan ba ta yi layya ba.

Na gane ban tara wuƙaƙen nan don aiki ba, na tara su ne don a kira ni a bar shi. Ƴan uwa masu karatu, kayan araha da ba ka gwada ba kada ka fara gwada shi a kan abin wani. In kuma ka ji bakinka zai ce kada a kira wane, ga ni, ka tsaya ka tambayi kanka ko mai matsalar kake son ceto ko kanka.