'Yar Maƙwabciyar Rabi

Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, akwai ranar da har gobe ba ta fita daga raina ba. Shekarar babban fari ce, soja na mulki, ni kuma ina ƙaramar ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a unguwar Boukoki. Wata ƙungiyar agaji ta kawo dawa don gidajen da ke da naƙasassu. Ƙa'idar ita ce a kawo mai lalurar gaban kwamiti, uwa ko uba su faɗi abin da ke damunsa da bakinsu. Shugaban kwamitin wani ajudan ne, muƙamin da ke sama da saje, wanda ko tari ya yi sai ofis ya yi tsit.

Ni na nemo Rabi. Mijinta direba ne, ya yi kudu neman abinci, shiru. 'Yarta Hadiza ta yi wayo amma ba ta magana, ba ta son a taɓa ta, ƙara kaɗan sai ta toshe kunne ta yi ta buga kai da bango. Da na shiga gidan, dusa na tarar a tukunya.

Ranar tantancewa ina hango su gabana ya faɗi. Rabi ta wanke Hadiza tas, ta sa mata kayan Sallah har da kwalli, wai ba a zuwa gaban hukuma da tsumma. Ga makafi, ga guragu a layi, ga Hadiza kamar 'yar alhaji.

Ajudan ya dube ta. "Wannan mi ya same ta? Ɗiyarki ce?"

Rabi ta sunkuyar da kai.

"Mi sunanta?"

Shiru. Sai a lokacin na tuna Hadiza 'yar fari ce. A garinsu Rabi uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zancensa cikin mutane. Ga yunwa a gida, ga kunya ta ɗaure mata baki.

"Na baya!" in ji ajudan.

A wancan zamanin ba a katse soja. Duk da haka na ce, "Mon ajudan, ku yi haƙuri, ɗiyar fari ce."

Ya kafe ni da ido har na fara salati a zuci. Sannan ya juya ga Rabi, ya sassauta murya. "To, mun ji ba taki ba ce. Ba ni labarin ɗiyar maƙwabciyarki."

Wallahi sai bakin Rabi ya buɗe. Ta ce maƙwabciyar tata ba ta iya zuwa ko rijiya sai ta kulle yarinyar. Ta ce an sha rubutu, an yi hayaƙi, ba sauƙi. Ta ce matar kan ba yarinyar rabonta ta kwana haka. Tana cikin faɗi sai ta ce, "In na mutu, wa za ya riƙe mini ita?"

Ajudan ya yi kamar bai ji ba. Ya ce a ɗora wa maƙwabciyar buhunta.

Abin da na koya ke nan: mutanenmu sun fi jin nauyin faɗin lalurarsu a kan jure ta. In uwa ta yi shiru a gabanku, kada ku kira na baya. Ku tambaye ta lafiyar maƙwabta.