Tsanin da Bai Ji Ba Bai Gani Ba

Injiniya ake ce masa a layinsu, ko da yake gyaran keken ɗinki ne sana'arsa. Shagonsa ɗan ƙuƙut ne, da warin man keke, da gwangwanayen madara cike da ƙusoshi da allurai. Idan tela ya kawo keke ya fara dogon bayani, sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ajiye tarihi, gaya min ƙarar da ya yi kafin ya tsaya." Ya haura arba'in, yaransa sun fara tasawa, amma har yanzu idan matarsa ta kawo masa abinci shago sai ya goge mata kujera da hularsa, maƙwabta suna masa dariya.

Wata safiya yara sun tafi makaranta, suna tare da matarsa irin na miji da mata, abin ya faru. Ya ji ƙas kamar an karya ɗanyen kara, sai zafi, nan take ƙarfinsa ya tafi. Kafin su sa kaya gabansa ya kumbura, ya yi baƙi, ya karkace. Ya shiga bayi, fitsari ya ƙi fita, sai ɗigon jini.

A cikin motar haya, a hanyar asibiti, matarsa kuka take ƙasa-ƙasa, tana cewa ita ta jawo. Shi kuwa yayarsa yake tunani, wadda tun ranar aurensu take neman abin da za ta rataya wa matar nan. In labarin ya shiga dangi, har jikoki sai sun ji.

"Share hawayenki," ya ce. "Daga kan tsani na faɗo. Kin ji? Ina gyaran kwanon rufi."

Haka ya faɗa wa mai karɓar marasa lafiya, haka ya faɗa wa Yaya da ta iso tana haki, mayafi a karkace.

Likitan tiyata, mai furfura a gemu, ya ja labule ya duba shi a nutse, ya taɓa mararsa da ta cika tam. Ya dubi gwiwoyinsa da tafin hannunsa, babu ko ƙujewa. Ya ce kowa ya fita ban da matar.

"Malam, ban damu da tsani ba," ya ce. "Abu ɗaya zan tambaye ka. Ka ji ƙara?"

Injiniya ya ɗaga ido ya dubi silin. Tambayarsa ce aka maido masa, kuma ya fi kowa sanin yadda ake ɓata gyara idan mai kaya ya ɓoye gaskiya. Ya dubi matarsa. Ta gyaɗa kai kaɗan, idonta a ƙasa.

"Na ji, Likita." Ya faɗi sauran da 'yar murya. Sannan ya riƙo hannun rigar likitan. "Amma don Allah, a wajen labulen nan tsani ne."

"Abin da aka faɗa a nan, nan yake kwana," in ji likitan. Ya jawo kujera kusa da matar ya yi mata bayani. Babu ƙashi a wurin. Wani tantani ne mai kauri da ke riƙe jini idan namiji ya miƙe, shi ne ya yage da ya lanƙwashe. Yana faruwa da mutane fiye da yadda ake zato, kunya ce take hana a ji. "Ba laifinki ba ne, 'yar'uwa. Abin da ya fi damuna jinin nan da rashin fitsarin. Ina zargin hanyar fitsari ma ta taɓu."

Aka zuba wani ruwa ta hanyar fitsarin aka ɗauki hoto, ya nuna inda ruwan yake ɓullewa gefe. Likitan ya ce yau za a yi aikin, don in aka bari wurin yana iya warkewa a karkace, hanyar kuma ta tsuke.

Ana tura shi zuwa ɗakin tiyata, amma bakin bai mutu ba.

"Likita, a yi ɗinki biyu-biyu, kada ya warware."

"Ka ji mai sana'a. Kwanta kawai, zarenmu ya fi na telolinka."

Likitan da mataimakansa suka buɗe wurin, suka kwashe daskararren jini, suka ɗinke tantanin. Sannan suka zura robar fitsari suka ɗinke hanyar a kanta.

Da ya farfaɗo da yamma, matarsa ya fara gani, tana jiƙa masa leɓe da auduga. Jakar fitsari na rataye a gefen gado, ta fara taruwa, jaja-jaja. Ta ce likita ya ce aiki ya yi kyau, robar za ta zauna 'yan makonni, sannan a haƙura da juna har sai ya ba da izini.

"Kin ji, Uwargida? A haƙura. Ke ake wa gargaɗi."

"Ka ji ka. Ko a gadon asibiti ba ka barin hali." Ta rufe baki da gefen mayafi, dariya da kuka suka haɗe mata.

Yaya ta shigo da kwanon abinci ta dire. Ta dubi ƙanenta, ta dubi matar da idonta ya kumbura, ta daɗe tana kallonta. Sai ta zare mayafinta ta yafa mata a kafaɗa, don ɗakin akwai sanyi.

"Ke ma ki ci wani abu, tun safe kina tsaye," ta ce. "Shi kuma tsanin nan na sa an fitar da shi. Ba zai sake kwana a gidan ba."

Injiniya ya dafe mararsa da hannu biyu, yana roƙon matarsa da ido kada ta kalle shi, don dariya tana ja masa ɗinki.